Baba Masinja da Ƙararrawar Darakta

Da cika baki sana'a ce, da tuni Baba Masinja ya gina bene hawa bakwai. Shekara talatin da biyu ya yi a kan wani benci a ƙofar ofishin darakta, a wata ma'aikata da ba sai na kama suna ba. Aikinsa ɗaya ne. Da ƙararrawar teburin darakta ta ce "ƙing", sai ya miƙe zumbur ya ce, "Ranka ya daɗe!" ya shiga ya karɓi fayil ya kai inda aka ce. Daraktoci tara suka zo suka wuce a kan idonsa, benci na nan, shi ma yana nan. Da ya yi ritaya aka ba shi agogon bango da takardar yabo, ya dawo unguwa ya buɗe sabon ofis a ƙofar shagon Tela, inda ba a raba komai sai labari.

"Ku kuna zaton daraktocin nan ne suka riƙe ma'aikatar?" Haka yake farawa kullum. "Ni na riƙe ta. Na bakwai ɗin ma ba ya sa hannu a takarda sai ya kalli fuskata. In na ɗaga gira ya sa, in na tsuke baki ya ajiye biro."

Mai Aski, wanda shagonsa ke jikin na Tela, ya leƙo da almakashi a hannu ya ce, "To me ya hana su ba ka kujerar, Baba?"

"Hassada. Da kuma tsoro. Sun san in na zauna babu mai tayar da ni."

Ana cikin haka wata safiya wayarsa ta yi ƙara. Babban ɗansa ne, injiniya a wani gari mai nisa. Baba ya saba buɗe muryar wayar duk lokacin da yaron ya kira, don unguwa ta ji yadda injiniya ke gaishe shi. Ran nan ma ya buɗe, ya ɗora wayar a gwiwa yana kallon jama'a ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, mun yi shawara da ƙannena," in ji ɗan bayan gaisuwa. "Zaman nan ya isa haka. Fanshon nan ba ya kai ku ko'ina, mun sani, Inna ce kawai ba ta faɗa. Ƙarshen wata zan turo mota a kwaso ku. Na gyara muku ɗakin baya. Ka zo ka huta, ka riƙa kallon talabijin da jikoki."

Keken Tela ya tsaya. Baba ya yi ta laluben inda ake rufe muryar, bai samu ba.

"Wa ya ce maka na gaji? Ni da nake shirin kama aiki!"

"Wane aiki, Baba? In gadi ne ban yarda ba."

"Gadi? Ni? Aikin kujera mai juyawa nake faɗa maka, mai albashin da za ka ji kunyar naka. In wata ya ƙare ban nuna maka takardar kama aiki ba, turo motar, ni da kaina zan loda kayan."

"Shi ke nan, Baba. Na riƙe ka."

Da ya shiga gida ya tarar labari ya riga shi. Inna, matarsa, tana zaune a gindin bishiyar lemon da ta shuka shekarar da ta haifi wannan injiniyan, ta yi tagumi. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Malam, ni ba na son barin gidan nan. Nan na san kowa, kowa ya san ni. Can wa zan leƙa wa ta katanga?"

Maganar ta soki Baba, don shi ma tsoron da ke cinsa ke nan. Ɗakin baya a gidan ɗansa, in an duba, wani benci ne a ƙofar wani darakta, ko da kuwa daraktan shi ya haife shi. Amma bakin da ya saba ba ya bari. Ya buga ƙirji ya ce, "Ke dai ki ci gaba da ba lemonki ruwa. Mutumin da ya koya wa daraktoci tara aiki ne zai rasa kujera ɗaya?"

Sati biyu yana zagaye ofisoshi. A wani wuri aka karɓi takardarsa da ladabi aka ce, "Baba, wa kake kawo wa?" A wani wurin aka ba shi kujera da ruwan sanyi, aka tambaye shi ko ɓatan hanya ya yi. Wani kamfanin ya ce akwai gadi. Ko'ina maganar ɗaya ce, a kalli furfurar a kalli takardar, a ce za a neme shi. Shi da ya yi shekara talatin da biyu yana faɗa wa mutane "za a neme ka" ya fi kowa sanin abin da ake nufi.

Saura kwana tara wata ya ƙare, Tela ya miƙo masa wata jarida da aka naɗo masa yadi a ciki. Wani kamfanin kayan gini na neman manajan gudanarwa. Albashi mai tsoka, mota, ofis. Duk mai sha'awa ya zo da kansa ranar Laraba. Shekaru kada su wuce arba'in da biyar.

"Abin nema ya samu!" in ji Baba.

"Baba, shekarunka sittin da ɗaya," in ji Mai Aski.

"Kai ka haife ni? Ku matso ku ji. Na yi nazarin darakta kamar yadda likita ke nazarin ciwo. Abu huɗu ne kawai: baƙin gashi, tumbi, tafiyar ƙasaita, da ƙararrawa. Sauran duk 'a dawo gobe' ne. Gashi naka ne, Mai Aski. Tumbi naka ne, Tela. In na hau, kai za ka riƙa ɗinka wa ma'aikata yunifom, kai kuma ka yi musu aski duk wata."

Jin haka su biyun suka daina dariya, suka fara ganin ashe shirin da hankali a ciki.

Da ƙararrawa ya fara. Ya je kantin kayan ofis ya sayo irin ta teburin darakta sak, mai ɗan maɓalli a ka. Ya dawo gida ya jawo teburin cin abinci tsakiyar ɗaki, ya ɗora ta, ya tafi ɗauko kujera. Inna ta shigo da tsumma tana goge-goge, ta ga baƙon abu, ta taɓa kansa da yatsa.

Ƙing!

"Ranka ya daɗe!"

Kafin ta ɗago, Baba na tsaye a gabanta ƙiƙam, hannu biyu a baya, kai a sunkuye. Suka kalli juna.

"Malam, lafiya?"

"Gwada ki nake yi."

Ta sake dannawa.

"Ranka ya da... ke, bari mana!"

Inna ta zauna a bakin gado tana dariya har da hawaye, dariyar farko tun ranar wayar nan. "Oh ni! Shekara arba'in ina kiran mutum sau uku kafin ya amsa, ashe ga maganin a kanti!"

Baba ya gane akwai aiki a gabansa. Sabo, an ce, turken wawa. Washegari ya kai ƙararrawar shagon Tela aka shiga horo. Za a zaunar da shi, Tela ya danna, shi kuma ya daure ya zauna. An danna sau ashirin, ya miƙe sau goma sha tara. Na ashirin ɗin ma Mai Aski ne ya zauna masa a cinya. Daga ƙarshe Tela ya kawo dabara: in ya zauna ya saƙala ƙafafunsa a bayan ƙafafun kujera, ya maƙale su tam. Aka gwada, jiki ya yi zillo, baki ya motsa, amma mutum bai tashi ba. Baba ya share gumi ya ce dama can yana iyawa, so yake ya ga ko su suna da basira.

Ranar Litinin aka shiga gyaran gashi. Mai Aski ya dama baƙin rini a kofi, ya shafe kan tas, ya shafe gemu, sannan ya ɗauki kilifa zai daidaita gashin baki, buroshin rinin na ɗaya hannun. Baba na kallon madubi yana murmushi, shekara goma sha biyar sun zube a ƙasa.

"Ka gani? Ko uwar yaran ba za ta gane ni ba."

"Kar ka motsa, Baba."

Daidai lokacin mai burodi ya kawo kai a kan kekensa, ya kaɗa ƙararrawa.

"Ranka ya daɗe!"

Kilifa ta wuce da rabin gashin baki. Buroshi ya ja layi baƙi ƙirin daga gefen hanci har kunne. Baba na tsaye a tsakiyar shago da zanen aski a wuya, mai burodi na tsaye a ƙofa yana amsawa, "Tare da naka, Baba. Na nawa za a ba ka?"

"Ka kashe ni, Mai Aski!"

"Ni na ce ka tashi? Kujerata ƙafa ɗaya gare ta, ina za ka saƙala?"

Dole aka aske ɗaya rabin. Layin kuwa ya ce bai san zancen wanki ba, don Mai Aski ya riga ya yi alfahari rininsa wata uku yake yi. Inna ta tsinko lemo daga bishiyarta ta yi ta dirzar kumatun har ya yi ja, layi na nan. Aka rufe shi da doguwar filasta. Baba ya duba madubi ya ce hakan ma ya fi, manya ba sa rasa ɗan ciwo.

Tumbi ya zo ranar Talata. Shekara talatin da biyu na hawa da sauka a matakala sun bar Baba siriri kamar sandar mofar goge ƙasa, kwat ɗin da aka aro masa wurin surukin Tela kuwa mutum biyu za su shiga su gaisa. Tela ya ɗinka 'yar matashi mai igiya, ya cusa ta da ragowar ƙyallayen da ke ƙarƙashin teburinsa, ya ɗaura masa a ciki. Kwat ya zauna ɗas. Baba ya shafa cikin, ya ji wani irin natsuwa da bai taɓa ji ba.

"Ashe haka suke ji," ya ce a hankali.

Inna ta dube shi sama da ƙasa. "Malam, zanen aro dai ba ya rufe katara. Ka je musu yadda kake mana. Ka kai musu takardar yabon nan."

"Takardar da aka rubuta 'masinja' ɓaro-ɓaro? Ki bar wa masu ilimin abin."

Inna dai ta ciro takardar daga firem ta sa a jakarta.

Ranar Laraba unguwa ta fito kallo. Baba ya fito da kwat, da tumbi, da filasta, da tafiyar ƙasaita. Ita tafiyar ce ta fi ba shi wuya, don ƙafafunsa ba su san a hankali ba. Sai ya yi taku uku na manya, na huɗu ya ga ya bar Tela da Mai Aski a baya, ya tsaya ya sake lale. Mai kanti ya ɗaga murya, "Baba, yaushe rabon da na gan ka, har ka yi ciki?" Wata maƙwabciya ta ce wa Inna, "Wata nawa ne?" Inna ta ce, "Jiya aka samu, yau za a sauke." Ta ja mayafinta ta bi su, ko da yake babu wanda ya gayyace ta.

Ofishin kamfanin na hawa na biyar, lif kuma ya lalace. Matasa masu neman aikin suka yi ta hawa suna nishi, suna riƙe bango. Baba ya manta da ƙasaita, ya ga matakala kamar ya ga tsohon aboki. Bibbiyu ya riƙa tsallakawa, ya wuce su fiu da tumbinsa yana rawa, ya isa sama ko haki babu. Wani saurayi da ya iso daga baya yana share gumi ya ce, "Yallaɓai, da wannan cikin?"

"Motsa jiki, yaro. Mu manya muna da wuraren da muke zuwa."

Ɗakin jira cike yake. Bango ɗaya na gilashi ne, ta cikinsa ana hango ɗakin ganawa: dogon tebur, Shugabar kamfanin, wata mace mai tabarau da ba ta da alamar wasa, da Mataimakinta, wani mai tumbi na gaskiya, yana kurɓar shayi. Ma'aikata kuwa sai kai da kawowa suke, ana buɗe durowa ana rufewa. Sakatariya ta kusa kuka. Baba ya kasa kunne ya ji zancen: wani koren fayil na kwangila ne ya ɓata yau kwana uku, gobe kuma ake buƙatarsa. Ƙafafunsa suka fara ƙaiƙayi. Ya tsawata musu a zuci, ya zauna, ya ɗora ɗaya kan ɗaya.

Ba a yi minti biyar ba ya tara matasan.

"Ni da kuke gani daraktoci tara suka yi aiki da ni. Wannan ɗin ma don kar a ce na ƙi ne. Ku dai ku bar lambobinku wurin yarana," ya nuna Tela da Mai Aski, "in na shiga zan duba muku."

"Yaranka?" in ji Mai Aski.

"Yi shiru, aski duk wata," in ji Tela.

Aka kira shi. Ya shiga da taku na manya, ya zauna, ya lalubi ƙafafun kujera ya saƙala nasa ya maƙale tam. A gefen hannun Shugaba ya hango ƙararrawa, 'yar ƙarama mai sheƙi, da maɓallinta a ka. Ya kawar da kai.

Shugaba ta duba takardarsa. "Malam, ka rubuta shekarunka arba'in da huɗu."

"Cif."

"Ka kuma rubuta ka yi aiki shekara talatin da biyu."

"Cif."

"Wato kana ɗan shekara goma sha biyu ka fara."

"Gidanmu ba a son lalaci."

Ta kalle shi ta saman tabarau. "Me ya sami fuskarka?"

"Wajen motsa jiki ne. Abin manya."

"Ka iya kwamfuta?"

"Kwamfuta? Ta farko da aka kawo ma'aikatarmu, ni na kai ta hawa na huɗu a ka..." ya yi tari, "a ƙarƙashin kulawata."

"To. A ce ma'aikata sun zo maka da koke. Me za ka yi?"

Nan Baba ya gyara zama, an zo gidansa. Ya haɗe rai, ya kalli silin, ya ce, "A dawo gobe."

"In goben ta yi fa?"

"Ina mitin."

"Jibi?"

"Na yi tafiya."

Mataimaki ya ajiye kofinsa yana gyaɗa kai. "Ranki ya daɗe, wannan fa ya san aiki."

Baba ya saci kallon gilashi. Tela ya ɗaga masa babban yatsa. Matasa sun yi cirko-cirko suna kallon yadda manya ke yi. Ya ji kujera mai juyawa har ta fara juyawa a ƙarƙashinsa. Ya buɗe baki zai ba da labarin darakta na bakwai, ita kuwa Shugaba ta tuna da fayil ɗinta, ta ce, "Yi haƙuri, bari in ji ko an samu." Ta miƙa hannu.

Ƙing!

"RANKA YA DAƊE!"

Dabarar Tela ta yi aiki, sai dai rabi. Ƙafafu sun zauna, sauran jikin ya tashi. Baba ya miƙe da kujera maƙale a bayansa, ya yi gaba, ya yi baya, ya rungumi iska, ya tafi rigijib a kan cikinsa. Tumbin ya ce "fus". Igiya ta tsinke, ɗinki ya ɓalle, fankar sama ta karɓi aiki. Ƙyallaye ja da kore da shuɗi da masu fure suka tashi suka cika ɗakin ganawa, wani ya sauka a tabaran Shugaba, wani a cikin shayin Mataimaki. Filasta ta ɓare ta rataye a kunne, baƙin layi ya fito fili.

Ƙofa ta buɗe, jama'a suka yi cincirindo. Sakatariya ta dafe ƙirji tana salati, ta zaci cikin mutum ne ya fashe. Matasa suka fashe da dariya har wani na dukan bango. Mai Aski ya kutsa, ya cafe wani shuɗin ƙyalle a iska ya ƙura masa ido.

"Tela! Wannan ba yadina ba ne? Wanda ka ce bai isa ba, na ƙaro?"

"Ana maganar rai kana maganar yadi?"

"Ga na matata ma, mai fure!"

"Duk shuɗi naka ne a duniya?"

Baba dai ya zare ƙafafunsa daga kujera ya miƙe. Kwat ya koma rataye a jikinsa kamar an shanya a ƙusa. Ya tsaya yadda ya saba tsayawa shekara talatin da biyu, hannu a baya, kai a ƙasa. Kunya ta rufe shi har ya ji da ƙasa za ta buɗe da ya gode mata. Ta gefen ido ya ga Inna a bakin ƙofa. Ita kaɗai ce ba ta dariya, nan ya tuna da mota da ɗakin baya, ya ji abin ya fi faɗuwar zafi.

Shugaba ta cire ƙyallen daga tabaranta. "Malam, wane ne kai?"

"Masinja ne, ranki ya daɗe. Mai ritaya. Shekaruna sittin da ɗaya. Gashin rini ne, cikin na Tela ne, kwat ɗin na surukinsa ne." Ya kalli ƙafafunsa. "Takalmin dai nawa ne."

Ya juya zai fita, ya kai ƙofa, sai ya tsaya. Abin ya fi ƙarfinsa. An buga ƙararrawa, kuma a rayuwarsa bai taɓa fita daga ofis bai yi abin da aka buga dominsa ba.

"Ranki ya daɗe, koren fayil ake nema?"

"Kwana uku ke nan."

"An duba durowa da kabad?"

"Har kwandon shara."

"Wa ya fi kowa faɗa a kan ɓatansa?"

Duk ɗakin aka juya aka kalli Mataimaki.

"To a gafarce ni, yallaɓai, ɗan ɗaga."

"In ɗaga me?"

"Kanka gaba ɗaya."

Mataimaki ya miƙe yana ƙunƙuni. Baba ya ɗaga matashin kujerarsa. Ga koren fayil nan kwance, ya yi laushi, ya ɗauki zafi kamar burodin safe.

"Kujerar ce ke girgiɗi," in ji Mataimaki da ƙaramar murya. "Na ɗan sa ne in daidaita."

"Haka darakta na huɗu yake yi," in ji Baba. "Na shida kuma a ƙarƙashin faranti yake sawa. Fayil ba ya ɓata, ranki ya daɗe, manya ne ke zama a kai." Ya kaɗe shi, ya duba lambar, ya miƙa da hannu biyu. Idonsa ya faɗa kan tulin da ke gefen teburin. "Waɗannan ma an gwamutsa na shiga da na fita. Wanda ya jera su bai taɓa neman takarda da gaggawa ba."

Kafin a ce wani abu hannayensa sun shiga aiki. Cikin minti uku tuli ya zama layi uku. Dariya ta mutu a ɗakin. Inna ta ratso mutane ba tare da ta nemi izinin kowa ba, ta buɗe jakarta ta ajiye takardar yabo a gaban Shugaba.

"'Yata, karanta wannan. Baki gare shi, ban musa ba, ni na fi kowa shan sa. Amma shekara talatin da biyu ko takarda ɗaya ba ta ɓata a hannunsa ba. Su suka rubuta, ba ni ba."

Shugaba ta karanta har ƙasa. Ta daɗe tana kallon mutumin da baƙin layi a kumatu.

"Baba, manaja dai ba za ka zama ba."

"Na sani, ranki ya daɗe."

"Masu cewa a dawo gobe ina da su har sun yi mini yawa. Amma akwai ɗaki a ƙarshen baranda, takardun shekara goma sha biyar ne a ciki, kowa tsoron buɗe shi yake. Mutum uku masu digiri na ɗauka suka gudu. Ina neman shugaban sashen ajiyar fayil. Albashin bai kai na manaja ba, amma wannan fayil ɗin kaɗai ya biya shi na shekara." Ta rubuta wani abu a 'yar takarda ta tura masa.

Baba ya duba, ya sake dubawa, ya miƙa wa Inna don idonsa ya fara ruwa. Ta duba ta dafe bango. Ko da haka sai da bakin Baba ya motsa.

"Akwai kujera?"

"Akwai."

"Mai juyawa?"

"Malam!" in ji Inna.

"Za a sa maka," in ji Shugaba, karo na farko tana murmushi. "Amma ka zo da cikinka na gaskiya."

A hanyar dawowa Mai Aski da Tela na gaba suna ta rigimar yadi. Kafin a iso unguwa labari ya riga ya canza a bakin Baba. Faɗuwar ma da gangan ya yi ta, don ya ga ƙarƙashin kujeru. Ya kira ɗansa, ya buɗe murya har ƙarshe, ya ce a bar motar nan ta huta, in kuma injiniya na neman aiki ya turo takardunsa, za a neme shi.

Ranar Litinin Inna ta raka shi, wai tana so ta gani da idonta. Ɗakin ƙarami ne, ƙura ko'ina, fayil har silin. Amma ga tebur, ga kujera mai juyawa, ga ɗan allo a ƙofa an rubuta Shugaban Sashe. Baba ya zagaya kujerar sau biyu kafin ya zauna a bakin-bakinta, kamar mai jiran mai ita ya dawo. Ya ciro ƙararrawarsa daga aljihu, ya goge ta da hannun riga, ya ɗora a tsakiyar teburin. Ya kalli Inna, ya gyara murya, ya ɗaga yatsa ya danna.

Ƙing!

"Ranka ya daɗe!"

Yana tsaye ƙiƙam, hannu a baya, kujera na juyawa ita kaɗai a bayansa. Inna ta zagayo, ta tsayar da kujerar, ta dafa kafaɗarsa.

"Zauna, Malam," ta ce. "Kai ka buga."